ioGAS a aikin lakar rafi: inda take da ƙarfi, da inda sai an tallafa mata

Manhajar ioGAS ta kamfanin IMDEX na Ostareliya, ta kuɗi ce, an kuma gina ta ne don masu karanta sakamakon sinadaran ƙasa. Ga mai neman ma'adinai da samfuran laka da aka tace da rariya mai lamba 80, wato mai hudojin da faɗinsu ya kai kusan maikiron 180 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), tana rage wahala ƙwarai.

Babban ƙarfinta shi ne komai a haɗe yake. Ka zaɓi samfura goma da suka yi fice a jadawalin tutiya, nan take su fito da launi ɗaya a taswira da sauran jadawalai. Da haka ake kama tutiyar ƙarya. Tsatsar manganis da ta baƙin ƙarfe da ke lulluɓe tsakuwar rafi suna zuƙe tutiya da kobalt, adadi ya hau alhali babu komai a tudu. Sai a auna tutiya da manganis, a zana rarar tutiyar da ta saura bayan an cire wadda manganis ya jawo, wuraren da suka cancanci a koma musu su bayyana.

Daidaita bayanai ma tana yin sa da kyau. Lakar da ta gangaro daga baƙin dutsen aman wuta dama tana da jan ƙarfe da nikel da yawa, don haka a raba samfura bisa nau'in dutse kafin a yanke iyakar da adadi zai wuce a ce ya yi fice. Haka kuma idan ɗakunan gwaji biyu ne suka auna.

Amma ba za ta yi maka tunani ba. Sakamakon da ya gaza ma'aunin na'ura, kamar <5, wato ƙasa da 5, yawanci rabin wannan ma'aunin ake sawa a madadinsa, kuma idan irinsa ya yi yawa a sinadari ɗaya, gara a cire sinadarin daga PCA, wato lissafin da ke gano sinadaran da ke hawa da sauka tare. Kafin PCA a juya alƙaluma zuwa CLR tukuna, wato a auna kowane sinadari da matsakaicin duka sinadaran samfurin a ma'aunin logaridim, tunda alƙaluman kaso ne na jimla ɗaya.

Inda muke jan kunne shi ne taswirar launi mai santsi, wadda ke cike tsakanin samfura da ƙiyasi. Tana da kyan gani, amma samfurin rafi labarin duk kwarin da ke samansa yake bayarwa, ba na gefensa ba. A fitar da iyakokin kwaruruka a manhajar taswira ta QGIS daga bayanan tsayin ƙasa, a shafa wa kowanne adadinsa, a kuma tuna cewa babban kwari yana tsarma alamar ma'adinai. Zinari kuwa, ƙwaya ɗaya tak tana iya ɗaga sakamako, sai an duba tagwayen samfura, wato biyu da aka ɗebo a wuri ɗaya, kafin a gaskata.