Zuwana na farko wajen likitar mata kan rikicewar al'ada

Tun ina ajin ƙarshe a sakandare al'adata ba ta da tsayayyen lokaci. Sai in yi wata biyu, wani lokacin uku, ban ga komai ba, in ta tashi zuwa kuma ta yi ta ɗiga har in rasa gane kanta. A gida kowa amsarsa ɗaya, wai sanyi ne. Na sha hulba da kanumfari da jiƙe-jiƙen da ban san sunansu ba, mai kemis ɗin layinmu ya ɗirka mini allurai, Goggo kuwa cewa take in kwantar da hankalina, da na yi aure komai zai daidaita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ibada. A Islamiyya an karantar da mu cewa a mazhabar Malikiyya mace tana ƙara kwana uku a kan kwanakin da ta saba, muddin ba su haura 15 ba, abin da ya wuce haka jinin istihala ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallah. To ni wane kwanaki na saba? A azumin da ya wuce kullum cikin kokwanto nake, shi ya sa bayan sallah na ce wa Yaya ta raka ni asibiti.

Asibitin kuɗi muka je a nan cikin Kano, saboda an tabbatar mana mace ce ke duba mata a can. Manyan asibitocin gwamnati irin na koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala su ma suna da sashen mata, kuma sun fi sauƙin kuɗi, sai dai galibi sai kin fara ganin likitan farko ya tura ki.

Wajen yankar kati ban ji daɗi ba ko kaɗan. Mai rajistar, a gaban maza masu jiran biyan kuɗi, ta ɗaga murya tana tambayata me ke damuna, matar aure ce ni ko budurwa. Sannan aka zaunar da ni a benci ɗaya da masu awon ciki, wasu na kallona suna kallon cikina. Budurwar da ba ta da ƙarfin hali daga nan za ta juya gida, kuma ina ganin gyaran wannan bai fi a ba mutum takarda ya rubuta damuwarsa ba. Jiran ma ya yi tsawo, don an kira likitar ɗakin haihuwa, wannan kam ban ga laifin kowa ba.

Da muka shiga, bayan gaisuwa sai ta dubi Yaya ta ce, "Hajiya, don Allah ki ɗan ba mu wuri, zan kira ki." Daga nan na ji zuciyata ta sauka. Mafi yawan lokacin da na yi a ɗakin nan hira ce kawai. Shekara nawa na fara al'ada, yaushe na ga ta ƙarshe, auduga nawa nake canzawa a yini, ana samun gudaji, marata na ciwo, ruwa na fita daga nonona, na ƙara ƙiba, akwai mai ciwon suga a gidanmu. Ta tambaye ni ko akwai yiwuwar ciki, ba tare da ta canza fuska ba, ta ce kowace mace da al'adarta ta ɗauke ana fara kawar da wannan ne, kada in ɗauke shi zargi.

Na je da ɗan littafin da nake rubuta ranakun jinin saboda lissafin sallah da ramuwar azumi. Ta karɓa tana bin ranakun da biro, tana rubuta tazarar da ke tsakani a gefe. Ta ce tazarar da ake ɗauka lafiyayya daga ranar farko ta wannan al'ada zuwa ranar farko ta mai zuwa kwana 21 ne zuwa 35, jinin kuma bai kamata ya wuce kamar mako guda ba. Duk wadda za ta je, ta tafi da irin wannan rubutun, ko a waya ne. Ya rage mana rabin aiki.

Sai dubawa, abin da na daɗe ina jin tsoro. An gwada nauyina da hawan jini. Ta duba haɓata inda wasu 'yan gashi masu kauri suke fito mini, da ƙurajen fuskata, da bayan wuyana da ya yi duhu, wanda na sha dirza da soso ina zaton dauɗa ce. Ta danna marata da hannu, wata Sista na tsaye a gefe, kuma kafin ta taɓa ko'ina sai ta faɗa mini. Ta ce tunda ban taɓa aure ba babu buƙatar a duba ni ta ciki, hoton ma ta kan ciki za a ɗauka. Na san 'yan mata da yawa wannan fargabar ce kaɗai ta hana su zuwa.

Kafin sikanin sai da na shanye ledojin ruwa har fitsari ya matse ni, don sai mafitsara ta cika ake ganin mahaifa sosai. Namiji ne mai ɗaukar hoton, kuma babu wanda ya sanar da ni sai da na shiga. Na nemi Yaya ta tsaya kusa da ni, bai musa ba, ya shafa mini wani mai mai sanyi ya yi aikinsa da mutunci. A allon na ga wasu ƙananan baƙaƙen ɗigo sun jeru a gefen ma'ajiyar ƙwai kamar 'ya'yan carbi. An kuma ɗebi jinina don auna suga, da sinadarin da ke kawo ruwan nono, da aikin halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, saboda su ma suna rikita al'ada.

Da na koma da sakamako ta ce abin da nake da shi ana kiransa PCOS. Ƙwai ne ba ya nuna ya fito kowane wata, sai ya tsaya a hanya, su ne ɗigon da na gani. Ta ce ƙa'idar da likitoci suka amince da ita tun taron da suka yi a birnin Rotterdam a 2003 ita ce a samu biyu cikin abubuwa uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza irin gashin haɓa da ƙuraje, da abin da hoto ya nuna, bayan an tabbatar ba wata cutar ba ce. Duhun wuyan kuwa alama ce ta jiki ba ya karɓar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kuma mafi yawansu ba a gano musu ba.

Na ce, "Likita, zan haihu kuwa?" Ba ta yi mini alƙawarin banza ba. Ta ce ba a warkewa gaba ɗaya, amma ana sarrafa shi, mata da yawa masu shi suna haihuwa, wasu da kansu, wasu da maganin da ke sa ƙwai ya fito. Abin da ta ja mini kunne a kai shi ne kada in riƙa barin al'ada ta haura wata uku ba ta zo ba, don bangon mahaifa yana ta kauri, kuma in shekaru suka tafi a haka yana iya zama matsala babba. Ta ce in rage lemon kwalba da zaƙi, in riƙa tafiyar ƙasa, rage ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyina yana iya taimaka wa al'adar.

Maganin da ta fara kawowa ƙwayoyin tsarin iyali ne, kuma ta ga yadda fuskata ta yi. Budurwa ta shiga gida da wannan kwalin, me za ta ce wa Umma? Ta kira Yaya ta yi mana bayani tare, cewa a nan magani ne na daidaita sinadaran jiki, kuma ba ya hana haihuwa bayan an daina. Duk da haka ta ba ni zaɓi na biyu, wata ƙwayar da ake sha na 'yan kwanaki don jinin ya sauko a kan lokaci, shi na ɗauka. Wannan fahimtar halin da muke ciki ita ce ta fi burge ni da ita.

Kuɗin gwaje-gwajen ya fi na ganin likitar nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya faɗa mini jimilla tun farko, sai biya nake kashi-kashi. Ki tambayi lissafin gaba ɗaya kafin a fara, ki kuma tambaya ko akwai mace a ɗakin hoto. Ni dai zan koma wajenta bayan wata uku kamar yadda ta rubuta mini, za a sake auna suga a ga yadda maganin ya karɓe ni.