Bit 6, bit 8 ko bit 10: wane allo ya dace da mai gabatar da jawabi?

Sau da yawa malami kan shirya darasi a PowerPoint, ya sa bango shuɗi mai sirkawa a hankali daga duhu zuwa haske, amma a allon kwamfutarsa sai launin ya fito layi-layi kamar matakalar bene. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo haka shi ne zurfin launin allon, wato yawan matakan launi da yake iya nunawa, wanda ake aunawa da bit, kuma tun a kasuwa ake magance shi.

Kowane ɗigo a allo haɗin ja ne da kore da shuɗi. Allo mai bit 6 yana ba kowane launi mataki 64, jimla launuka 262,144. Mai bit 8 yana da mataki 256, wato launuka miliyan 16.7. Mai bit 10 kuwa mataki 1,024 ne, ya haura biliyan ɗaya.

Bit 6 ya fi yawa a kwamfutocin cinya masu araha, musamman masu allon TN, wani nau'in allo mai sauƙin kuɗi. Masu ƙera su suna rufe giɓin da dabarar da ake kira FRC: allon ya riƙa sauyawa da sauri tsakanin launuka biyu makusanta, ido ya ɗauka na tsakiya yake gani. Idan ka ga an rubuta miliyan 16.2 a takardar kaya, galibi irinsa ne. Ga rubutu da jadawali ba shi da laifi. Amma ɗalibin likitanci da zai nuna hoton ciwon fata, ko mai zanen gini, zai rasa wani abu a wuraren inuwa, kuma a can bayanin yake.

Ni dai shawarata bit 8 na gaskiya, ba na dabarar FRC ba, a allon IPS, nau'in da launinsa bai cika sauyawa ba ko an kalle shi daga gefe. Hotunan JPEG da muke sakawa a shafukan jawabi su kansu bit 8 ne, launukan da kake zaɓa a PowerPoint ko Google Slides ma haka. Saboda haka bit 10 ba zai ƙara maka komai a zo a gani ba, sai in kana gyaran bidiyo. Rarar kuɗin gara ka zuba ta a majigi mai ƙarfin haske, domin ɗakin taro mai buɗaɗɗun tagogi yana cinye launi fiye da ƙarancin bit. Ka kuma zaɓi wayar HDMI a kan tsohuwar VGA, wadda hotonta ke dusashewa idan ta yi tsawo.

Windows yana nuna adadin bit a saitin allo, sai dai siginar da kwamfuta ke turawa yake faɗa, ba lallai ƙarfin allon kansa ba. Don haka ka je shago da filas ɗauke da shafi guda mai sirkawa daga baƙi zuwa fari, ka ce a buɗe maka shi ya cika allo. Ka duba ɓangaren duhun da kyau kafin ka biya, domin nan layukan suke fara bayyana.