Gidan Tsohon Agogo Ya Koma Ma'ajiyar Tabar Kuba: Yadda Aikin Wani Shago a Katsina Yake

A wajen Ƙofar Ƙaura akwai wani shagon kafintoci da ya saba gyaran tsofaffin kujeru da kabad, yanzu kuma ya ƙara da mayar da gidan agogon tsaye ya zama ma'ajiyar naɗaɗɗiyar taba irin ta Kuba. Masu neman aikin ba su da yawa, don a Katsina ba kowa ke son a gan shi da ita ba, kuma kyan ajiya ba ya rage illarta ga jiki ko kaɗan. Amma a fannin sana'a aikin ya isa a duba shi, domin abu ne mai wuya: a riƙe danshi kashi 65 zuwa 70 cikin 100 a cikin akwati, a garin da hunturu ke saukar da danshin iska ƙasa da kashi 20.

Wanda aka duba dogon agogo ne mai lilo, tsayinsa santimita 190. Cikin ƙugunsa, inda lilo da nauyaye suke a da, faɗi 28 ne, zurfi 17, tsayi kusan 90. Sun cire injin gaba ɗaya sun mayar wa mai shi a kwali, suka sa ƙaramin inji mai batir a bayan fuskar agogon, suka raba sama da ƙasa da katako liƙaƙƙe. Hakan daidai ne. Injin asali yana da mai da ƙarfe, danshi zai sa ya yi tsatsa, warin man kuma zai kama tabar. Wanda agogonsa ke aiki lafiya, musamman na Jamus irin Junghans ko Kienzle, gara ya bar abinsa. Wanda injinsa ya mutu shi ya dace da wannan.

Inda suka fi burgewa shi ne share fage. Tsohon gidan agogo ya sha kafur da turaren wuta da ƙura na shekaru, ganyen taba kuwa duk warin da ya tarar sai ya zuƙe. Suna goge cikin da samfefa har farin katako ya bayyana, su bar shi a buɗe a inuwa, su duba ko akwai ƙananan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki. Daga nan su toshe duk wata kafa: ƙofar baya, ramukan fitar ƙara da aka rufe da kyalle, da tsagar da lilo ke bi. Sai su shafe cikin da shalak, wato shafin ƙaro da ke liƙe fuskar katako, hawa biyu ko uku. Wannan shafin yana danne ragowar wari, yana kuma tsare tsohon katakon daga danshi. Katakon da ya shekara hamsin yana bushewa a Katsina, in cikinsa ya jiƙe bayansa na bushe, lanƙwashewa zai yi, tsohon gam ɗin da ke riƙe da gaɓoɓinsa kuma ya saki.

Rufin ciki na katakon sida na Sifaniya ne, mai kaurin milimita 6. Asalin itacen daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake, ana kuma shuka shi a Gana, kuma dangin maɗaci ne. Yana shan danshi ya sake shi sannu a hankali, ga ƙamshi da ke tafiya da taba. Shagon bai manna shi da gam mai warin fetur irin na masu takalmi ba. Sun yanka allunan su shiga juna su tsaya da kansu, da ɗigon farin gam a tsakiya kawai, aka bar ratar milimita 1 zuwa 2 don kumburi. Ba ƙusa ko ɗaya ta baƙin ƙarfe, ba banish a jikin rufin. Ga wanda kuɗinsa bai kai ba suna yi da busasshen maɗaci, su sa sida a tire kawai. Yana yi, sai dai ƙamshin ba ɗaya ba. Filawud da katakon garin zarto kam a guje su, gam ɗin cikinsu wari yake fitarwa. Kuɗin katakon ma ya fi kuɗin hannu, tunda sai an yi odarsa. A tambaya ko busasshen inji ne, don wanda bai bushe sosai ba yana tsatso ƙaro mai danƙo da ke ɓata ganyen waje na tabar.

Bayan rufi, zurfin ya koma kusan santimita 15.8, faɗi 26.8. Kara mai tsawon 12.7, wato robusto, yana kwanciya kai tsaye. Dogon kara mai 17.8, wato Churchill, sai a gicciye. Tire biyar ne masu tsagogi a ƙasa don iska ta ratsa, suna ɗaukar kara 150 zuwa 200.

Matsalar farko ƙofa ce. Sun bar gilashin asali da tsofaffin hinji, suka zagaye bakin da soson liƙe taga. Gwajin ba wuya: a maƙale takarda a rufe ƙofa a ja. A sama da tsakiya ta riƙe, a kusurwar ƙasa ta zare salin alin. Da aka sa tocila a ciki aka kashe fitilar ɗaki, haske ya leƙo ta wurin. A damina ba za a ji komai ba, amma a Janairu wannan 'yar kafar ta isa ta busar da tiren ƙasa. Maganinta robar silikon mai siffar bututu, da makama biyu, sama da ƙasa, maimakon ɗaya a tsakiya. Kewayen gilashin ma yana son silikon irin na gidan kifi, a bar shi ya sha iska mako guda kafin a rufe. A sa wannan cikin ciniki tun farko, kada a bari sai an kai gida.

Ta biyu, shayar da katako danshi kafin a sa taba. Yaran shagon suna goge sabon rufin da jiƙaƙƙen tsumma don a yi sauri. Wannan yana tayar da gashin katako, yana iya lanƙwasa allon milimita 6, kuma saman kawai yake jiƙawa. Abin da ya dace shi ne a ajiye kwanon tataccen ruwa a ciki, ko fakitin daidaita danshi na kamfanin Boveda mai lamba 84, a rufe kwana 14 ba buɗewa. A hunturu a ƙara mako. Ruwan kuma tatacce na tururi, ba na burtsatse ko na leda ba, don gishirin cikinsu yana toshe abin ba da danshi ya bar farin tabo. Mai sayen ruwan batir ya tabbata tatacce aka ba shi, ba mai asid ba.

Ma'aunin danshi mai allura da suka kafa ado ne kawai. A sayi na lamba guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tunda dogon akwati ba ya daidaita da kansa. A gwada su da gishiri: murfin kwalba cike da gishiri mai ɗan laima, a kulle shi da ma'aunin a leda kwana guda, ya kamata ya nuna 75. Abin da ya bambanta a rubuta a jikinsa. Maimakon soson ba da danshi da suka bayar, a sa fakitin Boveda na ajiya, ba na shayarwa ba, masu gram 60, ɗaya ga kowane kara 25 na girman akwatin, wato shida zuwa takwas. Soso bayarwa kawai ya iya, fakitin kuwa yana kuma zuƙewa, abin da ake bukata a Agusta lokacin da fumfuna ke neman wurin zama. Ƙaramar fankar kwamfuta mai bolt 12 da ke juyawa 'yan mintoci a kowace awa tana haɗa sama da ƙasa.

Abin da shagon bai taɓa ba shi ne zafi, kuma shi ne babba. Taba tana son digiri 18 zuwa 21. Da zarar an haura 22 zuwa 24, ƙwan ƙwaron taba da ke cikin ganye yana iya ƙyanƙyashewa, a wayi gari a ga ramuka kamar hujin allura da gari a ƙasan tire. A Afrilu da Mayu Katsina tana wuce 40. 'Yar na'urar sanyi ta lantarki da ake liƙa wa irin waɗannan akwatuna digiri goma da 'yan kai take ragewa daga zafin ɗaki, ga wuta ba tsayayya ba, kuma kowane ɗaukewa da dawowa yana sa raɓa a jikin gilashi. Don haka akwatin sai ɗakin ciki mai kaurin bango ko mai iyakwandishan na sola, nesa da taga da bangon yamma. A tsayar da danshi a 65, kada a kai 72. Duk sabuwar tabar da ta shigo a kulle ta a leda biyu, kwana ɗaya a firji, uku a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, ɗaya kuma a firji, kafin ta shiga tire. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi, ya ce su rage tire zuwa biyu, ya riƙa sayen abin da zai ƙare kafin bazara.