Feshin hana ruwa: wata biyu ina gwada shi a kan takalmi da jaka

Tun farkon damina nake cin karo da bidiyon nan a TikTok, a zuba shayi a kan farar riga ya gangare ko alama babu, na ce a'a sai na gani da idona. Na yi odar feshin da ake yi wa rigar wajen wani mai sayar da kaya ta WhatsApp, ɗan gwangwani ne kamar na maganin sauro.

Farar kambas ɗina na fara yi wa. Na wanke ta bushe sarai, na fesa sau biyu, na bar ta ta kwana. Don Allah a waje za ku fesa, ni a ɗaki na fara sai da maƙogwarona ya yi ta ƙaiƙayi har dare. Washegari na ɗauko zoɓo, tunda shi in ya kama farin abu sai dai haƙuri, na ɗiga a kai. Wallahi sai ya dunƙule kamar 'ya'yan carbi, na ɗan karkata takalmin duk suka gangaro ƙasa, na shafa wajen a bushe ƙayau. Yara suka taru kowa na son ya zuba nasa.

Ƙanina mai karanta kemistiri ne ya ce min yaya ai wannan dabarar ganyen gwaza ce aka sa a gwangwani, kuma da gaskiyarsa, duk wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza ya san yadda take birgima. Ni da na zata santsi ne ke korar ruwan, ashe kaushi ne. Feshin yana barin wasu ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani, iska ta maƙale a tsakaninsu, sai ɗigon ya zauna a kan tsininsu da iska bai samu ya jiƙa zaren ba. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Wilhelm Barthlott na jami'ar Bonn, shi da abokin aikinsa ne suka yi bayanin abin a 1997 a kan ganyen lotus, wani tsiron ruwa mai kama da bado. Har ruwan ƙarfe ma da wannan dabarar ake hana shi mannewa, irin galiyam da ke narkewa a wajen digiri 30, wato a zafin Afrilu na Kano da kansa zai narke. Shi yana liƙe wa gilashi mai santsi amma a kan kaushi sai ya birgima.

To a nan matsalar take. Tunda ƙurajen ne ke aikin, duk abin da ya goge su ya kashe shi. Sati biyu ina hawa adaidaita ina shiga taɓo, bakin takalmin da inda yake lanƙwashewa suka koma shan ruwa kamar da, gefe ne kawai ya rage. Ranar da aka wanke shi da omo kuwa shi ke nan, an gama. Man ja ma da ya ɗiga daga miyar taushe bai gangara ko'ina ba, nan ya zauna abinsa. Baƙin takalmina na fata da na fesa wa kuma wani fari-fari ya yi kamar hazo, sai da na sa folish ya dawo daidai.

Jakar laftof ce ta mayar min da kuɗina. Ita ba a gogarta sosai, ruwan Agusta ya dake ni daga bakin titi har gida, na buɗe takarduna ko danshi babu, kuma har yau tana yi. Hula nake son gwadawa gaba, amma sai na fara da tsohuwar, kar mai wankin hula ya yi min dariya.