Hita Mai Yoyo: A Gyara Ko A Sauya?

Idan hitar ruwa ta fara ɗiga, kashe wutarta tukuna, ka rufe famfon da ke kai mata ruwa, ka goge jikinta ta bushe, sannan ka sa ido ka ga inda ɗigon farko zai ɓullo.

Gyara ya wadatar idan yoyon daga mahaɗar bututu ne, ko robar da ke zagaye da ƙarfen dumama ruwa, ko bawul ɗin rage matsi. Ƙananan kaya ne, mai gyaran famfo zai ɗaure ko ya canza su. Amma don Allah kada a toshe wannan bawul don ɗigo ya tsaya, shi ke hana tankin fashewa.

Idan kuwa ruwan daga jikin tankin kansa yake tsattsafowa, ja-ja da tsatsa, ni dai sauyawa zan ce. Rufin gilashin da aka shafe cikin tankin da shi don kare ƙarfensa daga tsatsa ya riga ya tsage, walda ba ta dawo da shi, ana toshe nan can zai huje. A sabuwar, a riƙa duba sandar magnesiyam da tsatsa ke ci maimakon tanki, a kuma zubar da lakar ƙasan tankin sau ɗaya a shekara.