Bitar GNU Octave, manhajar da ke kallon komai a matsayin matiriks

GNU Octave manhaja ce ta sarrafa lambobi a kwamfuta, wadda ake samu kyauta a ƙarƙashin lasisin GPL, kuma tana aiki a Windows da Linux da macOS. An gina ta ne a kan ra'ayi guda, wato cewa duk abin da aka ba ta matiriks ne, jerin lambobi da aka tsara sahu-sahu a kwance da ginshiƙi-ginshiƙi a tsaye. Ko lamba 7 kaɗai mutum ya rubuta ya tambaye ta girmanta, za ta amsa masa da cewa sahu ɗaya ne da ginshiƙi ɗaya. A ganina, wannan ra'ayi shi ne tushen duk abin da ta ƙware a kai, kuma daga gare shi ne mafi yawan gazawarta ta samo asali.

Tun wajen 1988 aka fara tunanin samar da ita domin ta taimaka wa ɗaliban injiniyan sinadarai, John W. Eaton ya duƙufa a kan rubuta ta daga 1992, sannan siga ta 1.0 ta fito a watan Fabrairun 1994. An raɗa mata sunan Octave Levenspiel, tsohon malamin Eaton wanda ya yi suna wajen saurin ƙiyasta lissafi. Harshen da take amfani da shi kusan ɗaya ne da na MATLAB, manhajar da Cleve Moler ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970 a Jami'ar New Mexico da ke Amurka domin ɗalibansa su ci moriyar ɗakunan lissafi na LINPACK da EISPACK, wato tarin shirye-shiryen lissafi da aka riga aka rubuta, ba tare da sun koyi harshen kwamfuta na Fortran ba, kafin a kafa kamfanin MathWorks a 1984 ya mayar da ita haja.

Ga yadda aikin yake a zahiri. A ce ana neman lambobi biyu, x da y, inda 2x + y = 5 kuma x + 3y = 10. Mutum zai rubuta A = [2 1; 1 3], waƙafi mai ruwan da ke tsakiya yana nuna ƙarshen sahu, ya rubuta b = [5; 10], daga nan ya ba da umarnin A\b. Nan take amsa za ta fito, 1 da 3. Abin burgewa shi ne, wannan umarni mai alamomi uku ba ya canzawa ko da lambobin da ake nema sun kai dubu, domin manhajar tana duba siffar matiriks ɗin da kanta ta zaɓi hanyar warwarewa da ta dace, sannan ta miƙa aikin ga ɗakunan lissafi na BLAS da LAPACK, waɗanda su ne ke ƙarƙashin manhajojin kimiyya da dama. Idan sahu sun fi ginshiƙai yawa, kamar yadda yake faruwa ga mai awo a ɗakin gwaji wanda ya tara sakamako fiye da abubuwan da yake nema, umarnin zai ba shi amsar da ta fi kusa da dukkan awon. Idan kuwa aka ba ta matiriks irin [1 2; 2 4], wanda sahunsa na biyu ninkin na farko ne kawai, za ta yi gargaɗi, amma duk da haka za ta fitar da lambobi, kuma wanda bai kula da gargaɗin ba zai iya ɗaukar su a matsayin amsa tabbatacciya.

Akwai wani wurin da sababbin masu koyo suka fi tuntuɓe, kuma ɗigo ɗaya ne ke jawo shi. Umarnin A*A yana ninka matiriks bisa ƙa'idar da Arthur Cayley ya shimfiɗa a 1858, sahu a kan ginshiƙi, saboda haka misalinmu na sama zai ba da [5 5; 5 10]. Amma A.*A, mai ɗigo kafin tauraro, yana ninka kowace lamba da takwararta ne a inda take, ya ba da [4 1; 1 9]. Duka umarnin biyu halastattu ne, babu wanda zai jawo saƙon kuskure muddin sahu da ginshiƙai sun yi daidai, don haka kuskuren yana iya lafewa a cikin dogon lissafi ba a gane ba. Ba na ɗora wa manhajar laifi a nan, domin bambancin na lissafi ne ba na kwamfuta ba, kuma ta kyauta da ta tilasta wa ɗalibi ya san wanne yake nufi.

Darajar Octave ta fi bayyana ne idan aka ga yawan abubuwan da ke komawa matiriks da zarar sun shiga cikinta. Hoto mai fari da baƙi, idan aka buɗe shi da umarnin imread, yawanci lambobi ne daga 0 zuwa 255, sifili baƙi ƙirin, 255 fari fat, kuma ɗebe hoton gaba ɗaya daga 255 yana juya haskensa a layi guda. Hoto mai launi kuwa matiriks uku ne a jingine, na ja da na kore da na shuɗi. Sai dai a lura cewa irin waɗannan lambobin hoto ba sa wuce iyakarsu, ta yadda 200 a tara da 100 zai tsaya a 255, sai an fara juya su zuwa nau'in lambobi na double, wanda ba shi da wannan iyaka. Injiniyan lantarki yana jera dokokin Kirchhoff na da'irarsa a matiriks ya sami ƙarfin wutar da ke bi ta kowace waya, mai nazarin hanyoyin sadarwa yana sa 1 a inda na'urori biyu suka haɗu da 0 a inda ba su haɗu ba, mai ƙididdiga kuma yana ba kowane mutum sahu, kowane awo ginshiƙi, kuma dukkansu umarni iri ɗaya suke bugawa. Matsalar girma ma an yi mata tanadi. Matiriks mai sahu 10,000 da ginshiƙai 10,000 yana cin megabait 800 na ƙwaƙwalwar kwamfuta, tunda kowace lamba tana ɗaukar bait 8, amma idan mafi yawan lambobin sifili ne, umarnin sparse yana adana waɗanda ba sifili ba ne kaɗai tare da wurarensu.

Rauninta na farko yana fitowa ne da zarar mutum ya daina tunani da matiriks. Octave tana karanta umarni ne layi bayan layi a lokacin da take aiki, kuma ba ta da dabarar hanzarta maimaici irin wadda MATLAB ke da ita, saboda haka wanda ya saba da harsunan kwamfuta irin C ko Java, ya zo ya rubuta madauki, wato umarnin da ke maimaita aiki, mai zagaye miliyan domin tara lambobi ɗaya bayan ɗaya, zai sha jira. Aikin nan idan aka rubuta shi a dunƙule, misali sum((1:1000000).^2), yana ƙarewa kafin ƙiftawar ido. Akwai ayyukan da ba sa dunƙuluwa ko an so, musamman waɗanda kowane mataki ya dogara da sakamakon wanda ya gabace shi, kuma a irin waɗannan sai dai a rubuta sashen da C++ a haɗa shi da manhajar, abin da ba kowane ɗalibi ne zai iya ba.

Batun jituwa da MATLAB yana buƙatar taka-tsantsan. Shirye-shiryen darasi na yau da kullum suna gudana a duka biyun ba tare da gyara ba, shi ya sa darasin koyar da na'ura na Andrew Ng a Coursera, dandalin karatu ta intanet, ya daɗe yana karɓar ayyukan ɗalibai da Octave kafin sabon salonsa ya koma Python a 2022. Sai dai Octave tana karɓar wasu rubuce-rubuce da MATLAB ba ta sani ba, irin su endif da += da alamar # ta sharhi, don haka wanda zai miƙa aikinsa ga mai amfani da MATLAB gara ya guje su. Ta ɗaya ɓangaren, babu Simulink a Octave, wato sashen da injiniyoyi ke zana tsarin na'ura da akwatuna da kibau su gwada shi, kuma ƙarin kunshin da masu sa kai ke kula da su, kamar control da signal da image da statistics, ba su kai akwatunan aikin MathWorks cika ba, ingancinsu ma ya bambanta daga wannan zuwa wancan. Kunshin symbolic, mai lissafi da haruffa maimakon lambobi, sai an girka Python da SymPy kafin ya motsa.

Fuskar manhajar, wadda ta zama ta dindindin tun siga ta 4.0 a 2015, ba ta da ado amma ta wadatar: wurin buga umarni, wurin rubuta shiri, da taga mai nuna sunan kowane matiriks da girmansa. Wannan taga ta ƙarshe ta fi amfani fiye da yadda ake zato, domin yawancin kurakurai a irin wannan aiki daga saɓanin girma suke tasowa. Zanen jadawali yana biyan buƙatar rahoto da darasi, ko da yake mai son ƙawata zane don bugawa zai ɓata lokaci wajen gyare-gyare.

Ga ɗalibin lissafi ko injiniya, da malamin da ke son ajinsa ya ga yadda aljabarar matiriks ke aiki ba tare da shingen lasisi ba, ina ba da shawarar Octave ba tare da jinkiri ba, domin abin da ake rubutawa a allo da abin da ake bugawa a kwamfuta kusan ɗaya ne, har ƙirgen sahu ma daga 1 yake farawa kamar a littafin lissafi, saɓanin NumPy na Python da ke farawa daga 0. Wanda aikinsa ya fi karkata ga sarrafa rubutu, ko haɗa shiri da shafin intanet, ko horar da manyan tsare-tsaren ƙirƙirarriyar basira, Python ce ta fi dacewa da shi, wanda kuma kamfaninsa ya riga ya gina ayyukansa a kan Simulink ba shi da abin da zai musanya shi da shi a nan.