Yaya, kar a ja wa motar nan waya dirak

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Inna da zafin Damagaram? Na ji saƙonka kan fankar injin da ta daina tashi, wai mai gyara ya ce a ja mata waya dirak daga kontak. Don Allah a dakata.

Garejin da nake aiki nan Buruksel ba mai taɓa waya sai an jona valiz, wato na'urar gano matsalar mota, akwai wata kafa mai rami 16 wajen sitiyari, motocin esans na Turai tun 2001 duk suna da ita, ta nan ake jin abin da kalkilatar, wato kwamfutar motar, ke ƙorafi a kai. Shi kalkilatar ba ya ɗaukar wuta mai nauyi, ƙonewa zai yi, rele yake aikawa, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke sa shi ya saki babba. Ciro rele ɗaya ka duba gindinsa, galibi za ka ga 30, 87, 85, 86. Wutar batir na zaune kan 30, 85 da 86 kuwa ɗan bobin ne a ciki, wato naɗaɗɗiyar waya mai zama maganaɗisu, in sond mai auna zafi ta ce ruwa ya yi zafi sai kalkilatar ya ba bobin mas, wato ya haɗa shi da ƙarfen jikin mota, ka ji ƙas, 30 ta haɗe da 87 fanka ta tashi. Bobin bai cin ko rabin amfa, fanka na iya jan 20 ko 30. Famfon esans ma haka, ka murɗa makulli ya yi ƙara kamar sakan biyu ya yi shiru sai injin ya juya, shi ya sa nake tsoron dirak a famfo, a yi hatsari injin ya mutu shi yana ta feso mai.

Amma fa nan tsada, da awa ake biyan makaniki, kuma irin Peugeot da relenta ke manne cikin bwat ɗin BSM, akwatin wutar da ke wajen injin, ba su buɗewa, dukan bwat ɗin za su canza. Yaran Sabon Gari da ƙarfen dalma za su ɓamɓare relen su manna wani da kuɗi kaɗan, wallahi wannan hannun babu shi a nan, valiz ce kawai ta yi mana ƙaranci can gida.

A duba fizibil, wato fis, tukuna, sannan a musanya relen da na oda, wato ham, in iri ɗaya ne. Turo min hotonsa ta WhatsApp, motoci na tashi daga Anvers zuwa Kwatano, in ba wani ya taho maka da sabo.